Babur mai injekta yana mutuwa a silo, wata rana kuma lafiya ƙalau

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin Honda mai injekta, na hannu na saya. A guje ba ya ba ni matsala, amma in na tsaya a danja ko na shiga cunkoson Kantin Kwari, sai silo, wato kukan inji a tsaye ba a ja totur ba, ya riƙa hawa yana sauka, wani lokaci ya mutu. Wata rana kuma ya wuni bai yi ba. An canza fulogi, an wanke injekta, shiru. Yanzu bakanike ya ce a ƙara silo. In bari? Daga Hotoro.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari. Yawancin kanikawanmu a kan kafireta suka koyi aiki, can kuwa murɗa sukuru shi ne magani. A babur mai injekta, sukurun da ke tare totur, wanda za ka ga an ɗiga masa fenti, daga kamfani aka saita shi. Sensar totur tana ba kwamfutar babur kusan bolt 0.5 idan totur na rufe, da wannan take gane cewa silo ake. Aka murɗa sukurun, lissafin ya rikice, matsala ɗaya ta zama biyu.

Abin da ke zuwa yana tafiya ba a kama shi da canje-canjen kaya. Da lura ake kama shi: yaushe yake yi?

Fara da fitilar gargaɗi ta kan mita. A Honda, doguwar ƙiftawa goma ce, gajeriya ɗaya. Lamba 7 sensar zafin inji, 8 sensar totur, 9 sensar zafin iska, 12 injekta, 21 sensar salansa, 29 bawul ɗin silo. Kwamfutar tana ajiye lambar ko fitilar ta daina, mai na'urar dubawa zai iya karantawa. Sai dai layin wutar sensar lambar take nunawa, ba lallai sensar ce ta mutu ba. Sau da yawa soket ne ya saki.

In yana yi ne bayan ka faɗa rami, ko ka kunna fitila, ko ka taka birki, to wuta ce. A silo caji ya fi rauni, famfon mai da injekta da kwamfuta kuma duk wuta suke ci. Batir lafiyayye yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, in an ɗan ba shi totur ya kai 13.5 zuwa 14.5. Kwance kan batir da wayar at, wato wayar negatib, da ke jikin firam, ka goge su da samfefa, ka ɗaure sosai. Sannan ka tayar da babur, ka bi wayoyi da soket ɗaya bayan ɗaya kana girgizawa da hannu. Inda injin ya yi tari, nan ɓarawon yake. Ka duba fulogin da aka sa maka ma: dole ya zama mai harafin R a lambarsa, marar shi yana damun kwamfutar.

In kuwa silo ya yi sama ya ƙi sauka da wuri, ko yana lilo, iskar sata ce. Robar da ke tsakanin gidan totur da kan inji tana tsagewa da zafin Kano, tsagar kuma tana buɗewa ne idan inji ya yi zafi, shi ya sa da safe ba ka ganin komai. A bar shi a silo a ɗan fesa maganin wanke kafireta a kewayen robar, nesa da salansa da fulogi. In ƙarar injin ta canza, to a canza robar da zoben da ke ƙarƙashinta. Gam ba ya riƙewa a wurin.

Abin da ya fi yawa a garin nan dai ƙura ce, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. A silo, iska ta wata 'yar siririyar hanya take bi ta gefen murfin totur. Wasu babura ɗan bawul mai aiki da lantarki ne ke buɗe ta yana rufewa, wasu sukurun iska ne. Ƙura ta haɗu da tururin mai ta zama danƙo, bawul ɗin ya maƙale yau, gobe ya saki. Wanke injekta ba ya taɓa wannan wurin ko kaɗan. A ciro gidan totur, a cire bawul ɗin, a wanke ramin da bakinsa, amma kada a fesa wa sensa magani, kada a cusa waya. In sukurun iska ne, a ƙirga zagayensa kafin a kwance. Matatar iska irin mai danshin mai ba a wanke ta, ba a busa ta, sabuwa ake sawa. Bayan an haɗa, silo ya zauna wajen 1,400 a inji mai zafi, da ɗari sama ko ƙasa, ga yawancin ƙananan babura masu giya.

Bayaninka ya fi karkata ni ga abu ɗaya, tunda a cunkoso yake yi. Bawul ɗin inji in ya matse, da sanyi lafiya yake, amma ƙarfe na ɗaukar zafi sai ya daina rufuwa sosai, matsi ya ragu, silo ya faɗi, tayarwa ta yi wuya. Ana aunawa ne inji na sanyi, da ma'aunin tazara, ba da kunne ba. A irin waɗannan injina tazarar ta bambanta daga wani zuwa wani, a bi adadin da ke littafin babur ɗin.

Famfon mai na bar shi ƙarshe, domin in ya raunana a guje ya fi nunawa. Da ka murɗa makulli ya kamata ka ji kukansa na kamar daƙiƙa biyu, matsinsa kuma wajen kPa 294. In matsalar na biyo bayan shan man 'yan bumburutu, a zuƙe tanki a zuba a kwalba a ga ko ruwa ya kwanta a ƙasa, a canza matatar famfon. Kuma a daina yawo da tanki a bushe, man ne ke sanyaya famfon.