Amsa ga ɗiyata game da kunun kanwa da abincin jego

Ɗiyata, saƙonki ya iso, kuma na fahimci abin da ya dame ki. Kin ce malamar asibiti ta gargaɗe ki a wurin awo da ki guji kunun kanwa bayan kin sauka, alhali mahaifiyarki ta riga ta sayi jar kanwa ta ajiye domin wankan gida, shi ne kike tambaya ko barin kunun zai zama raina al'ada da saɓa wa iyaye.

Iyayenmu ba su ƙirƙiro jego da wasa ba. A fahimtarsu, macen da ta haihu jikinta ɗanye ne, sanyi yana iya shigarta, don haka suka tsara mata kwana arba'in na ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, da yaji mai citta da kanunfari da masoro, da farfesun kauri, da kunun kanwa wanda suka ce yana wanke ciki yana kawo ruwan nono. Lokacin haihuwata ta fari a gidanmu na Rafindadi, kakarki takan dama shi da asuba a babbar ƙwarya, ta tsaya a kaina har sai ta ga gindin ƙwaryar, kuma idan bai yi kaurin kanwa har ya ɗauki launin ɗorawa ba, cewa take ba a yi kunu ba. Abin da ke cikin wannan tsari na hutu da ciyarwa da kulawa alheri ne, kuma ban yarda a zubar da shi ba, domin matan yanzu da ke komawa murhu kwana uku da haihuwa ba ci gaba suka samu ba.

Amma kanwar kanta, a nan malamarku tana da gaskiya. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke sa gishiri ya riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini yana nan cikinta da yawa, ko da harshe bai ji ɗanɗanonsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, to ki lissafa gishirin miya da dunƙulen magi da yajin jego, sannan a ɗora ƙwaryar kunun kanwa sau biyu. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta hakan da yawan shan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ciwon yana kama har wadda ba ta taɓa shan kunun ba, amma zuciyar da ta ɗauki nauyin ciki wata tara ba ta bukatar a ƙara mata kaya.

Na ga wannan da idona. Wata maƙwabciyarmu ƙafafunta suka kumbura bayan suna, har zoben hannunta ya ƙi fita, ba ta iya kwanciya sai a jingine da bango tana numfashi sama-sama. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wuta aka ƙara kanwa, ba ta kai arba'in ba. Kwana ya ƙare, amma har yau ina tuna cewa babu wanda ya ambaci asibiti a cikinmu. Idan kin ga kumburi, ko tari da dare, ko haki daga ɗan motsi, kada ki jira maganin gida.

Ki sha kununki na gero, sai dai a dama shi da tsamiya ko gyaɗa. Ki sha fura da nono mai tsabta, ki ci wake da ƙwai da hanta da kwaɗon zogale da miyar alayyafo, domin jinin da kika zubar su ne za su taimaka ya dawo, kuma ki raba shayi da lokacin cin abinci saboda yana rage amfanin da jiki ke samu daga sinadarin ƙarfe. Ruwan nono kuwa yawan shayarwa ne ke kawo shi, tare da ƙoshi da shan ruwa. Jaririn ki bar shi a kan nono zalla har wata shida, kuma kada a matse dakashi a zubar. Ruwan wanka ya zama mai ɗumin da hannu zai iya jurewa.

Maganar mahaifiyarki ki bar mini ita, kada ki yi jayayya da ita kina wannan hali. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shiga Ƙofar Marusa in same ta, kuma kanwar da ta saya ba za ta yi asara ba, tunda akwai ɗanwake, ga kuma tumakin babanki. Allah ya raba ku lafiya.

Goggonki.