Me ya sa mutane ke sauri a fina-finan Chaplin?

Tambaya: Malam, duk fim ɗin barkwanci na zamanin da ba a magana da na kalla, irin na Charlie Chaplin, sai in ga mutane na tafiya kamar ana korarsu. Kyamarar ce ba ta da kyau, ko da gangan ne?

Amsa: Kyamarar lafiyarta ƙalau. Da hannu ake murza ta, kowane zagaye na ɗaukar hoto 8, zagaye 2 a sakan ɗaya kuwa hoto 16 ke nan. Bayan zuwan fim mai magana a 1927, sai aka tsayar da majigi a kan hoto 24 a sakan, domin sauti ba ya jure hawa da sauka. To ka ɗora fim ɗin da aka ɗauka a 16 a kan wannan majigi: abin da ya ci minti ɗaya zai ƙare a sakan 40. Talabijin irin tamu ma hoto 25 take nunawa, saurin ya ƙaru.

Amma wani saurin da gangan ne, kuma nan gwanintar take. A kamfanin Keystone, wanda Mack Sennett ya buɗe a Amurka a 1912, inda Chaplin ya fara fim a 1914, in an zo wurin tsere sai mai kyamara ya sassauta hannu, ya koma kamar hoto 12. Motar 'yan sanda tana tafiya a hankali, babu wanda zai karye, amma a allo sai ta zama kamar ta tsinke birki. Faɗuwa ma ta fi kaifi, mutum ya sha ƙasa ya miƙe kafin ka tausaya masa. Matsalar ita ce sassauta hannu yana ƙara hasken da ke shiga, dole a tsuke ƙofar hasken, in ba haka ba hoton ya wanke fari fat. Ɗan wasa kuma sai ya rage gaggawa, don in ya haɗa nasa saurin da na kyamara motsin ya zama shirme.

Masu majigi su ma ba su da tsarki, wasu kan ƙara gudu don a samu damar ƙarin nuni. Rage gudun sosai kuwa haɗari ne, hoto zai riƙa ƙyaftawa, zafin fitila kuma na iya kunna faifan fim na wancan zamanin, wanda ke kama wuta nan take.

In kana son ganin asalin tafiyar, nemi kwafin da aka gyara aka rubuta masa hoto 18 ko 20 a sakan. Sai ka ga Chaplin na takawa a natse, tseren ne kaɗai ke gudu.