Tambaya da Amsa: An ɗora mini koyar da golf na faifai a sansanin coci, ta ina zan fara?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Amurka. Na samu aikin hutun bazara a wani sansanin matasa na coci, kuma an ce ni zan riƙa fita da yara 'yan shekara 10 zuwa 14 filin golf na faifai. Filin yana da kwanduna tara a cikin kurmi, akwai tafki a gefe, ɗakunan kwana kuma ba su da nisa. Na sayi faifai mai lamba 12 saboda an ce ya fi zuwa nesa, amma duk jifan da na yi sai ya karkata hagu ya nitse ƙasa. Me nake yi ba daidai ba, kuma yaya zan tafiyar da yaran?

Amsa: Ɗan'uwa, laifin ba duka na hannunka ba ne. Faifan da ka saya ba naka ba ne tukuna, kuma ba na wannan filin ba ne. Ajiye shi a jaka.

Wasan dai tsarinsa na golf ne, sai dai faifan roba ake jifa maimakon buga ƙwallo. Ana tashi daga dandamalin jifa, duk inda faifai ya tsaya nan za a sake jifa, har ya shiga kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Mai ƙarancin jifa shi ya ci. Ed Headrick ne ya shimfiɗa fili na farko na dindindin a Oak Grove da ke Kalifoniya a 1975, ya kuma kafa ƙungiyar PDGA a 1976, wadda har yau ita ke tsara dokokin wasan.

Duba fuskar faifanka, za ka ga lambobi huɗu a jere, tsarin da kamfanin Innova ya yaɗa. Ta farko gudu ce, daga 1 zuwa 14. Ta biyu shawagi, daga 1 zuwa 7. Ta uku tana nuna yadda faifai ke zamewa dama yayin da yake da ƙarfi, daga +1 zuwa -5. Ta huɗu kuma yadda yake komawa hagu idan ƙarfinsa ya ƙare, daga 0 zuwa 5. Wannan dama da hagun na mai jifa da hannun dama ne ta bayan hannu. Bahago sai ya juya lissafin. Inda mutane ke ruɗewa shi ne lambar farko. Ba alkawari ba ce cewa faifan zai yi gudu, sharaɗi ne: gudun da dole hannunka ya ba shi kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. Faifai mai lamba 12 bakinsa ya haura santimita 2 a faɗi, kuma idan bai samu ƙarfin da yake nema ba, tun daga fitowarsa yake yin abin da ya kamata ya yi a ƙarshen tafiya, wato komawa hagu da faɗuwa. Abin da kake gani ke nan.

Filayen sansani kuwa yawancinsu gajeru ne, ana ratsa su tsakanin bishiyoyi, kwando bai cika wuce mita 50 zuwa 80 ba. Faifai biyu sun wadatar. Na kusa mai kaurin baki, irin Aviar mai 2, 3, 0, 1, da na tsaka-tsaki irin Buzzz na Discraft mai 5, 4, -1, 1 ko Shark mai 4, 4, 0, 2. Idan hannu ya faɗa, a ƙara Leopard mai 6, 5, -2, 1. Ga yara ka nemi masu nauyin giram 150 ko ƙasa da haka. Na manya kan kai 175, doka kuma ta tsaya a 200. In da ni ne, makon farko faifan kusa kaɗai zan ba kowane yaro. Ba ya nisa da ɓata, yana tona asirin jifa mara kyau nan take, kuma in tsautsayi ya sa ya sami mutum, bakinsa ba ya tsaga fata kamar na nesa.

Jifan kansa, a tsaye za ka koye shi, ba tare da takun gudu ba. Ka ba kwando kafaɗarka ta dama. Yatsu huɗu a ƙarƙashin baki, babban yatsa a sama. Ka miƙa hannu baya a daidai ƙirji, ka jawo faifan a miƙaƙƙen layi dab da ƙirjin, kamar mai jan igiyar janareta, gwiwar hannu tana gaba. Nauyinka ya taso daga ƙafar baya ya sauka kan ta gaba, kuma ka bar hannun ya ƙarasa zagayensa bayan faifan ya fita. Kuskure uku ne ke cin sabon shiga. Na farko ɗaga gaban faifai sama: iska ta shiga ƙarƙashinsa, ya hau, ya tsaya cak, ya zubo hagu. Maganinsa lanƙwasa wuyan hannu ƙasa kaɗan, kamar mai tsiyayar shayi daga buta. Na biyu zagayo da hannu nesa da jiki, wanda ke sa faifai ya fita duk inda ya ga dama. Na uku jifa sama da nufin samun nisa. Ka auna tsayin kanka, kada ka wuce.

Wani abin da za ka tarar a akwatin kayan sansani shi ne faifan aro da suka sha bishiya. Robar mai araha tana taunuwa a baki, kuma faifan da ya taunu yana ƙara zamewa dama fiye da abin da lambarsa ta ce. Ba lalacewa ya yi ba, hasali ma ya fi yi wa yaro mai ƙaramin ƙarfi daɗi. Wanda ya tsage ne za ka fitar. Ka rubuta lamba a cikin kowanne, ka ƙirga su kafin fita da bayan dawowa.

Dokokin da za ka buƙata ba su da yawa. Wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, sauran duka su tsaya bayansa. Ƙafa tana sauka a bayan inda faifai ya kwanta, cikin faɗin santimita 20 da zurfin 30. Idan an shigo cikin mita 10 daga kwando, ba a tsallake wurin kafin a nuna an tsaya daram. Faifai sai ya zauna cikin kwandon ko ya maƙale a sarƙa. Wanda ya kwanta a kan rufin sama bai shiga ba, kuma a nan za ka sha gardama da yara. Faifan da ya fita iyaka, kamar tafkin naku, ana ƙara wa mai shi jifa ɗaya, ya ci gaba cikin mita ɗaya daga inda ya tsallake iyakar. Wanda ya ɓata, minti uku ake nemansa. Yawancin faifai nitsewa suke yi, don haka a kwandon da ke gefen ruwa ka ba su tsofaffi, kuma kada yaro ya shiga ruwa ɗauko roba.

Abin da ya bambanta filin sansani da na gari shi ne mutanen da ba su san ana wasa ba. Hanyar ɗakin cin abinci ko ta wurin sujada takan ratsa ta tsakiyar layin jifa. Kafin ranar farko ka zaga kwandunan tara kai kaɗai, ka lura da duk inda ba a hango kwando daga dandamali, ka riƙa tura mai duba hanya a irin wuraren. Idan faifai ya nufi mutum ana ƙwala "Fore!", kuma yara su san cewa jin kalmar na nufin a duƙa a rufe kai, ba a ɗaga ido neman faifai ba. Kada ka sa lokacin wasa ya haɗu da ƙararrawar abinci. Da an ji tsawa a bar fili, kwandunan ƙarfe ne kuma a gindin bishiya suke. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Kurmin ma da nasa. Ka sa ma'aikatan wurin su nuna maka ganyen da suke kira poison ivy, mai 'ya'yan ganye uku a kara ɗaya. Mansa yana manne wa faifai, daga nan ya hau hannu da fuska, ƙaiƙayin kuma sai bayan sa'o'i ko kwana yake fitowa. Faifan da ya faɗa cikinsa a wanke da sabulu, hannu ma haka, da wuri. Kaska kuma a jihohin arewa maso gabashin Amurka da irin su Wisconsin da Minnesota tana ɗauke da cutar Lyme. Takalmi rufaffe, doguwar safa, da duba jiki bayan an dawo.

Ka raba yaran huɗu-huɗu, kowane rukuni da babba. A cikin rukunin ka haɗa su bibbiyu: duka biyun su yi jifa, a zaɓi wanda ya fi kyau, su sake jifa daga nan. Wasan yana sauri, kuma yaron da faifansa ya daki bishiyar farko ba ya komawa gefe yana kumbura. Ka sa iyaka: wanda ya kai jifa shida bai shiga ba ya ɗauka a wuce. Minti goma na farko kuma a yi su gaban kwando ɗaya, daga mita uku, sannan biyar. Yaro in ya ji ƙarar sarƙa sau biyu ko uku, da kansa zai nemi a ja baya.