Tambaya da Amsa: Me zan shimfiɗa wa karen ɗaki da na waje?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah karnuka biyu gare ni, ƙaramar tana kwana cikin ɗaki, babban kuma mai gadi ne a waje yake kwana. Na sa masa tsohon bargo amma kullum sai in tarar ya jiƙe yana wari, shi kuma gogan ya koma kan siminti abinsa, har gwiwar ƙafafunsa na gaba ta fara yin kanta. Me ya dace in shimfiɗa musu? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumussalam malama. Toh gaskiya karen nan naki yana da hujja, bargo a waje ba abin da yake yi sai shan danshi, ga raɓa ga ruwan da ya kwaso a ƙafa, kuma in ana sanyi jiƙaƙƙen bargo zuƙe masa ɗumin jiki ma zai yi. Ki ɗauke bargon kawai.

Lokacin sanyi abin da ya fi shi ne busasshen karan alkama, dan shi cikinsa rami ne, yana riƙe iska mai ɗumi kuma ba ya shan ruwa sosai, ki zuba da yawa yadda zai tona ya shige ciki. Amma fa kar ki haɗa shi da ciyawar da ake ba dabbobi su ci, ita riƙe danshi take ta yi fumfuna. Garin katako ma a'a, hanci da ido yake shiga. Ki riƙa cusa hannu har ƙasa kina dubawa, in kin ji lema a kwashe a sa sabo, sannan a ɗaga ƙasan ɗakin nasa da katako kar ruwa ya bi ta ƙarƙashi.

In zafi ne kuma lissafi ya canza. Zafin jikin kare yana tsakanin digiri 38 zuwa 39, kuma ba ya gumi irin namu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, haki yake yi ya huce, shi yasa yake bin siminti. Ki samo masa gado mai ƙafafu wanda aka ɗaure da yadi mai raga-raga, iska na bi ta ƙasa, ga sanyi ga laushi, kantar ma sai ta samu sauƙi. In kuwa kin ga wajen ya kumbura kamar da ruwa a ciki ko ya tsage, sai likitan dabbobi.

Ita ta ɗaki ba wuya, katifar soso mai riga mai zif wadda za a cire a wanke. Ni wallahi wankuwa nake fara dubawa kafin kyau, dan kare na yin awa 12 zuwa 14 yana barci a rana, ƙuma ɗaya kuma tana iya saka ƙwai har 50 a yini kuma da yawansu cikin shimfiɗar suke zubewa, saboda haka duk sati a wanke da ruwan zafi kamar digiri 60 a shanya ya bushe ƙarau. Dan sanin girman katifar, ki gwada karyar daga hanci zuwa gindin wutsiya tana miƙe ki ƙara kamar taƙi ɗaya. In ƴar kwikwiya ce mai tauna komai ki dakata da soson tukuna, in ta haɗiye yana iya toshe mata hanji, tawul mai kauri ya ishe ta har ta daina.