Yaya aka gane cewa lamba mai alƙaluma miliyan 41 ba ta rabuwa?

Tambaya: Malam, na ji an gano lambar firam mafi girma. Shin sai da aka raba ta da kowace lamba kafin a tabbatar? Daga wata ɗaliba.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Da ta wannan hanyar aka bi, kwamfutocin duniya kaf ba za su gama ba ko da sun shekara biliyan suna aiki.

Firam ita ce lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Lambar da kika ji labarinta ita ce 2 a ninka ta da kanta sau 136,279,841, a cire 1. Luke Durant ne ya gano ta a Oktoba 2024 ƙarƙashin GIMPS, wani shirin masu sa kai da ke neman manyan lambobin firam da kwamfuta, kuma alƙalumanta 41,024,320 ne. Irin waɗannan lambobi, wato 2 a ninka sau p a cire 1, ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17. Ita ce ta 52 da aka samu a cikinsu da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta.

Sirrin yana cikin siffarta. Dole p ta zama firam, amma hakan bai wadatar ba: idan p 11 ce, za a samu 2047, wato 23 sau 89. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin Lucas da Lehmer. Ki fara da 4. Ki ninka lambar da kanta, ki cire 2, ki raba da lambar da ake gwadawa, ki riƙe ragowar kawai. Ki maimaita sau p a cire 2. Idan kika tashi da sifili, firam ce. Idan ba haka ba, tana rabuwa.

Gwada da 31, inda p take 5, zagaye uku ke nan. Daga 4 sai 14. Daga 14 sai 194, ragowarta 8. Sai 8 sau 8, a cire 2, ya zama 62, wanda 31 ta raba daidai. Sifili. Ita kuwa 2047, bayan zagaye tara 1736 ake samu. Lura fa, gwajin ya ce tana rabuwa amma bai faɗi da me ba, kuma ni wannan ne ya fi ba ni mamaki.

Tun 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da mai p 127 da hannu, alƙaluma 39, ba na'ura. Ta yanzu kuwa zagaye sama da miliyan 136 take buƙata, kowanne a kan lamba mai miliyoyin alƙaluma, kuma sai an gwada lambobi da yawa kafin a dace, shi ya sa Durant ya yi hayar dubban na'urorin GPU, masu saurin lissafi, ta intanet.

Gyara ɗaya: ki riƙa cewa "mafi girma da aka sani". Euclid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ya nuna tun fiye da shekara 2,000 cewa lambobin firam ba su da iyaka. Ko irin na Mersenne ma haka suke, wannan har yau ba wanda ya iya tabbatarwa.