Kangayen gidajen zuhudu da otal a bakin tafki: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Leeds, iyalina za su zo mini hutu a watan Yuli. Ina so in yi hayar mota mu zaga arewacin Ingila kwana huɗu, mu ga tsofaffin gidajen zuhudun Kirista da suka zama kangaye, mu ƙare a otal a bakin tafkin Windermere. Na rubuta biyar: Fountains, Rievaulx, Whitby, Bolton da Furness. Ya zan tsara? Kuma kuɗin otal ɗin bakin ruwa ya ba ni tsoro.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya kawo su lafiya. Biyar a kwana huɗu, ga yara a mota, ya yi yawa. Kafin ku kai na uku duwatsun sun fara kama da juna a idonsu. Ka zaɓi biyu, kuma kome za ka cire, kada ka cire Fountains.

Yana kusa da garin Ripon. Masu zuhudu 13 ne suka baro York suka kafa shi a 1132 a kwarin kogin Skell, suka yi arziki da kiwon tumaki da sayar da ulu, har Sarki Henry na Takwas ya rufe shi a 1539. Bayan rufewar aka kwashe dalmar da ke saman rufin, shi ya sa za ka shiga majami'ar ka ɗaga kai ka ga sararin sama, ciyawa a ƙarƙashin ƙafarka. Amma ɗakin ajiyarsu na ƙasa yana nan da rufinsa, tsawonsa kusan mita 90, bakan dutse bayan bakan dutse, da sanyi ko da rana tsaka. Ga lambun Studley Royal a manne da shi, da tafkunansa da bareyi. Ku ba shi yini guda cur, ku tafi da abincinku.

Na biyu ka ɗauki Rievaulx, kusa da Helmsley, wanda shi ma a 1132 aka kafa shi, ko Whitby idan yaran na son teku. Sai dai daga cikin garin Whitby matakala 199 ake hawa, kuma yana gabas can, ya kauce wa hanyarku. Ka lura da tikiti: ƙungiyoyi biyu ne masu kula da wuraren tarihi, National Trust ce ke kula da Fountains, English Heritage kuma ke da Rievaulx da Whitby da Furness. Ka haɗa kuɗin shiga na dukanku kafin ka sayi katin shekara na ɗayansu.

Batun otal, ga ra'ayina: dare ɗaya a bakin ruwa ya cancanci kuɗinsa, uku kuwa ɓarna ce. Sauran dararen ku kwana a Kendal ko wani gari da ke baya, inda farashi ya fi sauƙi. Kafin ka biya, ka kira su ka tambaya ko tagar ɗakin naku na kallon tafkin, don otal na iya zama a bakin ruwa a ba ka ɗakin da ke kallon wurin ajiye motoci. Ka tambayi kuɗin fakin da na karin kumallo, ka zaɓi ɗakin da za ka iya fasawa a mayar maka da kuɗinka. Garin Bowness da ke bakin Windermere cunkoso gare shi. Wajen garin Ambleside ko tafkin Ullswater sun fi natsuwa. In da hali ku je kafin makarantu su yi hutu a ƙarshen Yuli, kuma ku saka rigunan ruwa a but, yankin nan ba ya rabo da ruwan sama ko da bazara.

Tambaya: Daga Kano zan je, lasisin Najeriya gare ni. Zan iya tuƙi a can?

Amsa: Za ka iya, Alhaji, baƙo na da izinin tuƙa ƙaramar mota da lasisin ƙasarsa har wata 12. Amma ka tambayi kamfanin hayar sharuɗɗansa tun kana gida. A hannun hagu ake tuƙi, don haka ka nemi mota mai canza giya da kanta ko da ta fi tsada, hankalinka ya zauna a kan titi. Hanyar A65 daga Skipton zuwa Kendal ba ta da wuya. Hawan Hardknott kuwa, wata hanya ta kan tsauni a yankin tafkunan, mai tsananin gangara da kwana, kada ka bi shi ko da taswirar waya ta nuna maka.

Tambaya: Abinci fa, da salla?

Amsa: Hajiya, karin kumallon otal a can yawanci da naman alade a ciki, sai ki ce a ba ki ƙwai, wake, burodi ko kifi. Naman halal ki saye shi a Bradford ko Leeds kafin ku hau hanya. A farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, don haka ki sa manhajar lokutan salla a wayarki, ki ajiye darduma a mota.