Yaya aka yi ƙasar Peru ta haɗa hamada da ƙanƙara da kurmi a wuri ɗaya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, na ga ana cewa wai a ƙasar Peru akwai hamada akwai ƙanƙara akwai kuma dajin Amazon, har wai tsuntsayensu sun fi na yawancin ƙasashen duniya yawa. Da gaske ne kuwa? In gaskiya ne me ya jawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ƙwarai da gaske ne, kuma abu biyu ne suka haddasa duk wannan, tsaunukan Andis da kuma ruwan sanyin da ke bin gaɓar tekunsu. Peru na yammacin Amurka ta Kudu a bakin tekun Fasifik, faɗinta murabba'in kilomita 1,285,216, wato ta ɗara Jamhuriyar Nijar da kaɗan. Abin da zai ba ka mamaki, Lima babban birninsu tana digiri 12 kudu da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuma digiri 12 arewa da shi, nisan ɗaya ne amma yanayin ko kusa bai yi kama ba. A Lima sai shekara ta zagayo ba a yi ruwan kirki ba, sai dai hazo mai laima da yayyafi da suke kira garuwa, kuma ba zafin da zai dame ka.

Dalili shi ne akwai igiyar ruwa mai sanyi da ake kira Humboldt, tana tahowa daga kudu tana bin gaɓar, to iskar da ke saman ruwan sai ta yi sanyi ta yi nauyi ta ƙi tashi sama balle ta haɗa hadari, shi ya sa bakin tekun ya zama hamada. Amma ruwan sanyin nan shi ke taso da abinci daga ƙarƙashin teku, ƙananan kifin ancobeta su cika wurin maƙil, tsuntsaye su biyo su miliyoyi, har da fenguwin wanda mutane ke zaton sai a ƙasar ƙanƙara ake samunsa, ga shi nan a tsibiran Balestas dab da rairayi. Kashin tsuntsayen nan ma a ƙarni na 19 taki ne da Peru ta riƙa sayar wa Turai tana samun maƙudan kuɗi. Shekarar da ruwan ya yi ɗumi kuwa, abin da ake kira El Nino, kifi ya gudu ambaliya ta sauka a arewacin ƙasar kamar yadda aka gani a 1998 da 2017.

Daga bakin tekun in ka nausa gabas ba da nisa ba sai hawa, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, har ka kai tsaunin Huwaskaran mai tsayin mita 6,768 wanda ƙanƙara ba ta rabuwa da kansa. Can sama ne tafkin Titikaka yake a kan mita 3,812, suna raba shi da Bolibiya. Nan ake kiwon lama da alfaka, ga bikunya ta daji mai laushin gashi, dukkansu dangin raƙumi ne sai dai ba su da tozo. Ga kuma kwando, wata ƙatuwar ungulu da in ta buɗe fukafukanta sukan kai mita 3. Dankalin turawan nan da muke soyawa ma asalinsa daga tsaunukan nan ne, Peru kaɗai tana da iri sama da 3,000.

Gangaren gabas ne ni dai ya fi ɗaukar hankalina wallahi. Iskar da ta kwaso laima daga tekun Atilantika ta ratso Amazon, in ta zo ta yi karo da tsaunukan sai ta juye ruwanta kaf a wannan ɓangaren, shi ya sa kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar kurmi ne. Gandun dajin Manu da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1987 ya taso tun daga sama da mita 4,000 ya gangaro har ƙasa cikin kurmi, kowane mataki da nasa itatuwan da nasa tsuntsayen, kwarin nan da na gaba da shi tsauni ya raba su shekaru aru-aru har halittun cikinsu suka bambanta. A Manu kaɗai an ƙirga tsuntsaye sama da iri 1,000, a ƙasar baki ɗaya kuma sun haura 1,800. Da sassafe a gandun dajin Tambofata za ka ga manyan aku ja da shuɗi da rawaya sun yi dafifi a jikin gaɓar kogi suna gwaguyar yumɓu suna ta kwaroroto, a ƙasa ga damisar da suke kira jaguwa, a kogunan arewacin kurmin kuma ga dolfin, wata dabbar ruwa mai kama da kifi, mai launin hoda. Birnin Ikitos da ke cikin dajin har yau ba titin da ya haɗa shi da Lima, sai jirgin sama ko na ruwa.

Abin da ke damuna shi ne masu haƙar zinare ta bayan fage a yankin Madre de Diyos, suna sare daji suna zuba sinadarin makuri mai guba a koguna, kifi ya sha mutane su ci kifin. Ƙanƙarar saman tsaunukan ita ma narkewa take yi saboda ɗumamar yanayi, alhali da ita kogunan da ke shayar da garuruwa da gonakin hamadar bakin teku ke samun ruwa in rani ya yi.